Gawayina a Katangar Makaranta

Masu bibiyata, barkanku da war haka. Yau idan kun ga na yi tsalle daga wata magana zuwa wata ku yi mini uzuri. Abin da ya same ni a makon nan, da wani ne ya ba ni labarinsa cewa zan yi ya ƙara gishiri.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Saude, a Kazaure aka haife ni, a nan na girma. Firamare kawai na gama. Ni ce irin yarinyar da in baƙo ya yi sallama take neman bayan ƙofa. Umma ta ce ko akuya ce ta kalle ni sai na sunkuyar da kai. An taɓa samun wani bawan Allah daga Roni ya zo zance wurina, har ya tashi ya tafi abin da ya ji daga bakina shi ne "lafiya lau". Bai dawo ba. Tun daga ranar Umma ba ta bar ni na huta ba.

"Sa'anninki suna goyo, ke ko mai tsayawa a ƙofar gida babu. Wanda ya zo kuma kin bar shi yana hira da bango."

Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne ƙunshi. In na riƙe ledar lalle, kunyar nan sai ta sauka daga kaina. Kuma ni ba na son fulawoyin nan da kowa yake kwafowa daga waya. Abin da idona yake gani nake zanawa: layin duwatsun garinmu, ruwan dam in iska ta taɓa shi, zangarniyar gero, ɗigo-ɗigon jikin zabuwa.

Autarmu Sadiyya tana aji uku a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke bayan unguwarmu, ni nake ɗauko ta kullum. Shugabar makarantar, Madam Angelina, ta daɗe a garin nan har Hausarta ta fi tawa daɗi. Tun da aka fara jin labarin satar ɗalibai a rediyo hankalinta bai kwanta ba. A hutun da ya wuce ta ƙara wa katanga tsayi, aka ɗora waya mai ƙaya, aka kafa kyamarori a bakin get da kusurwoyi. Aka ba kowane mai ɗaukar yaro kati mai hotonsa da lambar wayarsa. Ba kati, ba yaro. Kuma ba mai shiga ciki, a waje ake jira.

To ni ba zan iya tsayawa a bakin get cikin mata da masu babura ba. Sai in zagaya gefen katanga, gindin wata darbejiya, inda Inna Mairo take ajiye ƙwaryarta. Bafulatana ce dattijuwa daga wata ruga ta hanyar Roni, tana sayar da fura da nono. Ba ta da yawan magana, ni ma ba ni da ita, sai zamanmu ya zo ɗaya.

Masu karatu, katangar nan ce ta ja ni. Sabuwar yaɓe, farin fenti, sumul kamar hannun amarya. Wata rana na tsinci guntun gawayi inda mai gasa masara ta tashi. Na ce bari in ja layi ɗaya in gani. Washegari na zo da nawa gawayin a ƙulle a leda. Akwai wani sabon zane da yake ta yawo a kaina, mai tashi daga gwiwar hannu ya sauka har kan yatsu, sai na dinga gwada shi a jikin katangar, babba, kullum in ƙara kaɗan. Siffar hannun ce kawai ban zana ba, ita tana cikin kaina.

"'Yar gawayi," haka Inna Mairo ta sa mini suna. "Ki sa mini zabina a ciki mana."

Na sa mata ɗigo-ɗigo a ƙarshe. Ta yi dariya ta miƙo mini ludayin nono. Da zanen ya zauna yadda nake so, na yi shi da baƙin lalle a hannun daman Umma. Ta yi ta juya hannun a madubi tana cewa ɓata lokaci ne.

Ranar Alhamis bayan magariba muna zaune a tabarma a tsakar gida. Baba yana Babura wurin cinikin hatsi. Umma tana kwashe tuwon masara, ni ina juya miyar kuɓewa ɗanya, sai ga Yaya Sama'ilu ya shigo da babur ɗinsa har tsakar gida, abin da ba ya yi. Shi ne babban wanmu, kuma shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa. Tun da maganar tsaron nan ta taso ya rame, idonsa kullum ja.

"Umma, daga Litinin Sadiyya ba za ta je makaranta ba sai mun ga abin da hali ya yi."

"Subhanallahi. Me ya faru?"

"An yi wa makarantar alama."

Ya zaro waya ya buɗe zauren iyaye na watsaf. Saƙonni kamar ruwan sama. Ya danna wani hoto ya miƙo mana. Na leƙa ta kafaɗar Umma, sai ludayi ya suɓuce mini cikin tukunya.

Katangata ce. Gawayina ne.

"Ku duba da kyau," in ji Yaya, yana bi da yatsa. "Waɗannan duwatsun garin nan ne. Wannan dam ne. Wannan dogon layin hanyar da za su bi ce. Nan kuma ta rabu biyar, hanyoyin gudu ke nan. Waɗannan ɗigo-ɗigon, yara ne aka ƙirga."

Zabin Inna Mairo ne fa yake kira yara. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duwatsun da dam ɗin bai yi kuskure ba.

"Wata mata ta ce wai kamar ƙunshi," ya ci gaba. "Na ce mata Hajiya, ana maganar rayukan yara kina maganar biki? Wane ƙunshi ne ya kai tsayin mutum?"

Umma ta ƙara matsowa. Ta kalli wayar, ta kalli hannunta na dama da yake riƙe da mara. A hankali ta ajiye marar, ta ja mayafi ta rufe hannun har gwiwa.

"Saude, zuba wa yayanki. Hannuna ya gaji."

"Kuma mun san inda za mu fara," in ji Yaya yana wanke hannu. "Matar nan mai nono kullum tana gindin bishiyar. Ba yadda za a yi a zana abu a bayanta ba ta sani ba."



Yana fita Umma ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ta ɗauko rabin lemun tsami tana gurza hannunta. Baƙin lallena kuwa ba ya fita da wuri, shi ya sa ake nemana.

"Duk faɗin gidan nan ba ki sami bango ba sai na mutane?"

"Umma, ban san..."

"Yi mini shiru. Ki saurare ni da kyau. Kalmar infoma in ta manne wa mutum a wannan zamanin ba ta fita, ko an gane gaskiya daga baya. Za a ce 'yar gidan Malam Lauwali ce aka kama da zanen makaranta. Wa zai zo ƙofar gidan nan bayan haka? Ki rufe bakinki, dama a rufe yake. Ruwa zai wanke katanga, magana ta mutu."

"Inna Mairo fa?"

Umma ta tsaya da gurzar. Ba ta kalle ni ba.

"Allah zai fitar da ita."

Ranar Juma'a ana tashi da wuri. Na saka hijabina mai ruwan toka, wanda nake zuwa da shi kullum, sai na tsaya a bakin ƙofa na cire shi na ɗauki na Umma mai ruwan ƙasa. Na zagaya gindin darbejiya, ba Inna Mairo, ba ƙwarya. Dutsen da take zama a kai ma an mirgine shi gefe. An kewaye zanena da igiya, wasu maza suna ta ɗaukarsa hoto.

A hanyar gida Sadiyya ce ta ba ni labari tana cin gyaɗa.

"Su Yaya sun kore ta da safe. Sun ce ta faɗi wanda ya zana, ta ƙi. Sun ce gobe ta zo taron iyaye, in ba ta zo ba za a je har rugarsu. Yara suna ta ce mata mai satar mutane."

"Ke ma kin ce?"

"Sau ɗaya."

Na ƙwace gyaɗar daga hannunta. Ta yi ta kallona, don ban taɓa yi mata haka ba.

Bayan la'asar ina kwance a ɗaki na rufe fuska da filo, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, ba hoto.

"Assalamu alaikum. Don Allah da Malama Saude nake magana?"

Malama kuma? Ni? Na rubuta, "Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Sunana Ashiru. Ni nake kula da kyamarorin makarantar su Sadiyya."

Na tashi zaune. 

"A ina ka sami lambata?"

Na ga yana rubutawa, ya goge, ya sake rubutawa.

"A jikin katinki. Na san ban kyauta ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin gobe. Kyamarar kusurwa tana ganin gindin darbejiya."

 Ya ci gaba.

"Na daɗe ina ganinki. Ke kaɗai ce ba kya tsayawa a bakin get. Kina ja layi, sai ki ja da baya ki karkata kai, in bai yi miki ba ki goge da bakin hijabi. Ni ban san mene ne kike zanawa ba, amma na san ba mugun abu ba ne. Ranar da kika gama duwatsun nan kin yi ɗan tsalle."

Wayyo ni Saude. Tsallen nan na yi shi ne bayan na duba hagu da dama na tabbatar ko kaza ba ta kallona. Na cusa wayar ƙarƙashin filo na fita tsakar gida, na sha ruwa, na dawo. Raina ya ɓaci, wannan gaskiya ne. Mutum yana zaune a ɗaki mai fanka yana kallonka ba ka sani ba, abin ba daɗi. Amma tun da ku nake faɗa wa gaskiya, a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani abu mai ɗumi da ban san sunansa ba. Ba wanda ya taɓa lura da yadda nake karkata kai.

Na zaro wayar. Ya ƙara wani saƙon.

"Tun ranar da maganar ta tashi nake ja wa Madam rai, ina cewa ina dubawa. Yanzu ta ce gobe in kunna a gaban iyaye. Reshen darbejiya yakan rufe kyamarar in iska na kaɗawa. Ina iya cewa ya rufe. Ba wanda zai sani."

Na karanta na sake karantawa. Ga ƙofa a buɗe. Umma za ta huta, ni zan huta, lallen hannunta zai goge. Sai na tuna dutsen nan da aka mirgine. Inna Mairo ta san sunana, ta san gidanmu, ta san wanda ya tsaya a kanta yana daka mata tsawa wana ne. Kalma ɗaya za ta faɗa ta koma kan ƙwaryarta, ta ƙi faɗa.

Na rubuta, "Kada ka yi ƙarya saboda ni."

"Kin tabbata?"

"A'a. Amma kada ka yi." Sai na ƙara, "Kuma ka daina kallon tsallena."

Ya turo, "To, ranki ya daɗe."

Safiyar Asabar Umma ta fito cikin atamfarta shuɗiya mai ganye-ganye da dogon hijabi har ƙasa, hannayenta duka a ciki. Ta ce in zauna a gida. Na ce zan riƙe mata jaka. Ta kalle ni ta daɗe, ba ta hana ni ba. Na saka hijabina mai ruwan toka.

A babban aji aka yi taron, maza a dama, mata a hagu, wasu a tsaye ta taga. Madam Angelina tana zaune a gaba da tabarau a goshinta. An ajiye talabijin a kan tebur, daga can bayan aji kuma ina jin ana taɓa kwamfuta. Na san shi ne. Wuyana ya ƙi juyawa.

Inna Mairo tana benci na farko a ɓangaren mata, ta yi adonta tsaf, da 'yan kunnenta manya da sandarta. Bencin mutum huɗu yake ɗauka, ita kaɗai ce a kai.

Yaya Sama'ilu ya riga ya kwafe zanena a allo da alli, babba, daga waya. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari, ashe hannun na gida ne. Ya ɗauki bulalar malami yana nunawa, ga duwatsu, ga dam, ga hanyoyi biyar.  Wata mata kusa da ni tana share hawaye, ta ce 'ya'yanta uku ne a nan. Ban ga laifinta ba.

"Baiwar Allah," wani dattijo ya ce da Inna Mairo, "ba wanda yake son cin mutuncinki. Kin ga wanda ya yi ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

Aka ɗauki hayaniya.

"To wane ne?"

"Ni nono nake kawowa garin nan," in ji ta, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ban zo da sunan 'yar kowa ba."

"A kai ta ofishin 'yan sanda kawai," wani ya ce daga baya. "Can za ta tuna."

Madam ta buga tebur. "Ba a kai kowa ko'ina daga makarantata sai mun gani da idonmu. Ashiru, kunna mana."

Masu karatu, ban san lokacin da na miƙe ba. Jakar Umma ce na ji ta faɗi. Umma ta kama bakin hijabina, na zame. Daga bencinmu zuwa allo ba nisa, amma sai na ji kamar na tafi garin Gwiwa da ƙafa. Na tsaya a gaban mutane, na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ko iska.

"Saude, me kike yi a nan?" in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Koma ki zauna."

Allin yana hannunsa. Na miƙa hannu na zare shi. Na juya wa jama'a baya, sai na ji numfashina ya dawo. Na fara daga saman duwatsun, na ja layi ya sauko ta gefe, na lanƙwasa a wuyan hannu, na zagaye hanyoyin gudun nan ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa, manuni, na tsakiya, har ƙaramin, na sa wa kowanne farce, na koma sama na rufe. Taswirar Yaya ta zauna daram a cikin hannun mace.

Sai matar nan mai hawaye ta ce, "La ilaha illallahu. Ƙunshi ne."

"Ai na faɗa," wata Hajiya ta miƙe daga baya. "Tun ranar Alhamis na faɗa, aka ce ina maganar biki."

"Ya za a yi mu yarda?" in ji mai maganar 'yan sanda. "Kowa yana iya zagaye abu da layi."

A nan ne Umma, Ummata da ta ce in rufe bakina, ta miƙe. Ta zaro hannunta na dama daga cikin hijabi ta ɗaga shi sama. Ga duwatsu, ga dam, ga zabi, lemun tsami bai rage komai ba.

"To ni ma sai a tafi da ni," ta ce. "Da taswirar nake tuƙa tuwo."

Ɓangaren mata ya fashe da dariya, irin dariyar da ake yi bayan an sha tsoro, wasu suna yi suna goge ido. Yaya ya kalli allo, ya kalli hannun Umma, ya kalle ni. Ya ajiye bulalar a hankali.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Dattijon nan ya ce tun da an tara mutane a kunna hoton a rufe magana. Aka kunna. Ga ni nan a talabijin da hijabina mai ruwan toka, ina ja da baya, ina karkata kai. Na duba hagu, na duba dama. Na yi tsalle. Duk iyayen makarantar sun ga tsallen nan. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don a gefen hoton ana ganin bakin get tar, da matan da ke jira.

"Tsaya," in ji Hajiyar nan. "Wancan ai ni ce nake gyara ɗaurin zani. Ashe haka ake ganinmu?"

"Ni a wurin nake shayar da yaro," wata ta ce. "Wa yake zaune yana kallo?"

Daga bayan aji wata murya ta ce, "Ni ne, Hajiya. Ku yi haƙuri." Murya ce mai sanyi. Nan ma ban juya ba.

Madam ta sauke tabarau ta ce laifinta ne da ba ta sanar da mutane ba. Ta ce kyamara ba za ta sauka ba, don tsoron da ya sa aka kafa ta yana nan, amma za a rubuta a bango duk inda take gani, kuma daga Litinin malama mace ce za ta riƙa duba ta bakin get. Sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma, 'yata, kin hana garin nan barci. Za ki wanke mini katanga da hannunki. In kin gama ki same ni a ofis. Ajin 'yan ƙanana yana da bango fari fat, yara suna kallonsa suna hamma. Amma da fenti, kuma da izini."

Na gyaɗa kai kawai.

Yaya ne ya fara zuwa gaban Inna Mairo. Ya cire hula ya durƙusa har ƙasa a gaban kowa.

"Inna, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta bar shi a durƙushe ta kalle ni.

"Kin daɗe, 'yar gawayi."

Nan hawayen da nake riƙewa suka zubo. Na durƙusa kusa da Yaya.

"Yaran da nake ƙara wa nono kyauta ne suka bi ni da waƙa," ta ce. "Wannan ba ya wankuwa kamar katanga." Ta dogara sandarta ta miƙe. "Bayan kaka zan aurar da jikata. Ki zo da ledojinki, zabin nan nake so a hannunta. Kai kuma kai za ka kawo ta a babur ɗinka har ruga, ka zauna ka sha nono a ƙwaryata, mutanenmu su gan ka."

"In sha Allahu, Inna," in ji Yaya.

Ko za ta dawo gindin darbejiya ba ta ce ba, ni ma ban iya tambaya ba. Da yamma dai ni da Sadiyya muka je muka mirgino dutsen muka mayar da shi wurinsa. Sadiyya ce ta fi turawa.

Muna dawowa na tarar da saƙo.

"Na faɗa wa Madam yadda na sami lambarki. Ta wanke ni tas, kuma na cancanta. In kin ce in goge, zan goge. In kuma kin yarda, ina son zuwa in gaida Baba."

Na kai wa Umma wayar, don ban san amsar da ake bayarwa ba. Ta karanta tana motsa baki, ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Yaron nan mai murya? Ɗan gidan wa ne? Ke, ba shi amsa mana kafin ya canza shawara."

Na rubuta, "Kai ka san fuskata, ka san tafiyata, har tsallena ka sani. Ni ko tsayinka ban sani ba."

"Gaskiya ne. Yaushe zan zo a gan ni?"

"Gobe bayan la'asar. Baba zai dawo daga Babura."

Yau ke nan, masu karatu. Na saka leshina mai ruwan hoda da ban taɓa sakawa ba tun sallah, Sadiyya ta fesa mini turaren Umma har na yi tari. Baba ya dawo da azahar, an ba shi labarin katanga, ya ce dai a shimfiɗa tabarma a zaure.

Ƙofar gidanmu ta langa-langa ce, akwai wani ɗan rami inda ƙusa ta fita, daidai tsayin idona. Ina jin sallama daga waje na riga kowa isa. Ban buɗe ba. Na kafa ido a ramin.

Dogo ne siriri, baƙi, da ɗan saje. Farar shadda, hula mai ruwan ƙasa da ta ɗan yi masa yawa. A hannunsa akwai leda, ta bakinta ina hango kan buroshin fenti. Bai san ana ganinsa ba. Ya gyara hular, ya sake gyarawa ta koma yadda take. Ya yi gyaran murya ya ce da katangar maƙwabta, "Baba, ina wuni," bai ji daɗinta ba, ya sake da wata muryar.

"Ki buɗe wa bawan Allah mana," Umma ta raɗa daga bayana.

"Umma, bari. Ni ma in sami rabona."

Sai ya lura takalminsa ya kwashi taɓo. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya goge takalmin a bayan farin wandonsa. Ya waiga ya ga abin da ya yi wa shaddar, ya dafe kai.

Dariya ta ƙwace mini.

Ya tsaya cak. Ya bi ƙofar da kallo daga sama har ya iso kan ramin ƙusar, daidai idona. Ya ɗan matso, ya sassauta murya.

"Wannan kyamarar, wa yake kula da ita?"

Daga kan kwanar layinmu na jiyo ƙarar babur ɗin Yaya Sama'ilu, wanda har yanzu ba wanda ya faɗa masa cewa wani ya ɗauki lambar ƙanwarsa a jikin kati. Umma tana zungurina. Amma ban gudu bayan ƙofa ba, dama a bayanta nake.

"Ni ce," na ce, da muryata, har ya ji.